Igiyar da Shadli Bai Ɗaure Ba

Duk wanda ya ga taswirar tekun mijina, abin da yake fara tambaya shi ne me ya sami Kalibiya. Tsaf taswirar take tun daga Binzart har Jarba, ko ɗigon maiƙo babu, amma daidai inda sunan Kalibiya yake sai ka ga da'ira a kan da'ira, jajaye, har takardar ta yi laushi. Gindin kofin shayi ne. Duk ranar da Shadli ya baje taswirar nan a teburin cin abincina zai tsara tafiya, kafin ya ce uffan sai ya ɗauki kofinsa ya dangwara a kan garin da aka haife ni, wai don kada idonsa ya faɗa kai. Na yi magana har na gaji. Na ce masa ko bai ga girman garin ba ya ga girmana mana. Ya ce ai girman nawa ne ya sa.

Shadli ɗan Binzart ne, haihuwar unguwar tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda in ka watsa ruwan wanke-wanke ta taga sai ya sauka a kwalekwalen maƙwabci. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, shi kuwa Allah Ya yi shi da ƙyamar ƙarnin kifi, ko da yake in an dafa ya fi kowa ci. Tun yana saurayi ya yar da koma, ya shiga wanke wa masu hali jiragensu na shan iska, fararen nan masu dogon sanda da ƙyallen da iska ke turawa. Daga wanki ya koma riƙon igiya, daga riƙon igiya ya koma riƙon sitiyari, har aka wayi gari ana ce masa Rayis, wato shugaban jirgi. Mai jirgi yana can Tunis yana harkokinsa, in zafi ya shigo ya bugo waya ya ce yana son ganin Mahdiya ko Jarba, Shadli ne zai zauna ya tsara inda za a kwana, inda za a sha mai a ɗebi ruwa, wace tasha ce yashi ya toshe bakinta bana, wacce ce za ta rufa maka asiri in iskar arewa ta taso. Ni kuma in tafiyar mai tsawo ce nakan bi su in yi girki, don ba zan yarda a ce mijina ya ciyar da mutane burodi da kifin gwangwani mako guda ba.

Aikinsa kam ya iya, ba zan rage masa ba. Bakinsa ne bai iya riƙewa ba. Mazan bakin ruwa in ransu ya ɓaci ba sa rantsewa da komai nasu, ba jirgi ba, ba gashin baki ba, sai da aurensu, kamar mu matan ne muka taka su. Shekararmu ta biyu da aure Shadli ya rantse da sakina cewa ya bar taba. Ranar Juma'a ya rantse, ranar Litinin na tsinci guntun sigari a bayan tukunyar na'ana'a. Sai ga shi da yamma ya shigo da maƙwabta biyu, fuska a murtuke, wai shaidu ne, ya zo ya mayar da ni. Ni da ko ƙofar kicin ban ƙetare ba, ina tsaye da ludayi a hannu aka mayar da ni ɗakina. Ta biyun a kan ƙwallo ce, ita kam ba zan ba da labarinta ba, don har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kotu ba ta san da wannan zance ba, a wurin hukuma in ba alƙali ne ya raba ba aure yana nan daram. Liman ma ya kira shi gefe ya ce rantsuwar fushi ce, ya ciyar da miskinai ya kama bakinsa. Ya ciyar, amma bai yarda ba. A wurin Shadli igiyar aure uku ce, biyu sun tsinke, saura ɗaya, kuma ranar da ta tsinke ko wa aka kawo ba zai sake zama ƙarƙashin rufi ɗaya da ni ba. Na san mutumin da nake aure, in ya ce abu ya haramta gare shi to an gama.

Da igiya ɗayan nan tal ya shiga Kalibiya wani lokacin zafi, shekara ashirin da wani abu ke nan. Tasharmu ta masunta ce, ba wanda ya ware wa masu shan iska wuri, in ka shigo sai ka jingina da jirgin wani ka ɗaure. Shadli ya jingina da na yayana Jilani, ya ɗaure, muka hau gida wurin Inna cin kuskus da kifi. Jilani kuwa mai kamun sardin ne, fitarsa ta yamma ce. Da lokacinsa ya yi bai ga Shadli ba, sai ya kwance farin jirgin, ya ja shi gefe, ya ɗaure shi a jikin wani tsohon jirgin dakon mai. Ba a taɓa igiyar rayis sai an kira shi, kowa ya san wannan, Jilani ma ya sani.

Ni ina gida ina wanke kwanuka, ban ga komai ba. Abin da ya iso kunnena daga baya shi ne Shadli ya sauka tasha ya tarar tayoyin da ke rataye a jikin jirgin man sun bar baƙin shati a jikin jirgin mutane, ya ɗaga murya, Jilani kuma, wanda harshensa ya fi na Shadli kaifi, ya ce masa a gaban kowa, "Wannan ɗaurin naka ko akuya ba a yi wa shi a Kalibiya, direban masu kuɗi." Tasha ta kwashe da dariya. Shadli ya dawo gidan Inna ido jajir, ya ce in ɗauko jakata. Sai da muka fita teku ya buɗe baki.

"Na rantse da aurenki a tasha, a gaban kowa," in ji shi. "Ni da Kalibiya har abada."

Na ce, "Da auren wa?"

"Naki."

"Kai da Jilani kuka yi faɗa a kan jirgin da ba naka ba ba nasa ba, ni ce kuka ga ya dace a jinginar?"

Ya yi kamar yana duba ƙyalle.

Wanda bai taɓa zagaya Ras Addar ba ba zai gane girman wautar nan ba. Hancin dutse ne da ya kutsa cikin teku, ruwa biyu suna karo a gabansa, iska kuma ba ta hutawa. Duk mai hankalin da ya yi sammako daga Sidi Bu Sa'id yakan zagaya shi da rana, ya faɗa Kalibiya kafin magariba, ya ɗaure a ƙarƙashin tsohuwar ganuwar kan tudu, ya ci abinci ya miƙe ƙafa. Don haka Allah Ya ajiye garin a wurin. Mu kuwa sai mu wuce. Ina tsaye a bayan jirgi ina hango ganuwar, har rufin gidanmu ina iya nunawa da yatsa, Shadli ya kafa ido gaba kamar wanda wuyansa ya sage. Haka za mu ci gaba da shan duka har Bani Hiyar ko Hammamat, baƙi suna amai a bokiti, tukunyata tana yawo a kicin.

Kowane mai jirgi da dalilin da ake ba shi. Wani a ce masa tashar ta cika, wani a ce masa sauro, wani a ce masa ruwan famfonsu gishiri ne. Ruwan garinmu, da ya fi na ko'ina daɗi! Mutum biyu sun sallame shi a kan haka, ɗayan ma mutumin kirki ne, matarsa ce ta ce ita ba za ta sake hawa jirgin da ke wuce tasha ana gani ba. Shadli ya dawo gida ya ce ba su san teku ba. Na ce sun fi ka sanin ƙasa.

Ni ina zuwa gida ta mota, ba wanda ya hana ni. Shi ne ko ta ƙasa bai yarda ya shiga ba, wai kada rantsuwar ta haɗa da garin duka. Ranar da Inna ta rasu ya rako ni har allon da aka rubuta sunan garin a bakin titi, ya ce wa direba ya tsaya, ya sauka. Inna kuwa tana ji da shi, ita ke ajiye masa kan kifi tun kafin 'ya'yanta su miƙo hannu. A nan ya wuni tsaye cikin rana, aka yi mata salla aka kai ta, shi yana karanta abin da ya sawwaƙa a gindin allo. Da na dawo na same shi fuska duk ƙura da shatin hawaye, na rasa ko in rungume shi ko in kwaɗa masa jakata. Ban yi ko ɗaya ba, na ce ya shiga mota mutane na kallo.

Si Lutfi shi ne mai jirgi na ƙarshe da Shadli ya yi wa aiki. Mai kantin magani ne a Tunis, mutum mai sanyin hali, sai dai ba a yi masa ƙarya cikin sauƙi, don komai sai ya karanta, har takardar cikin kwalin magani. Ƙarshen zafi ya zo gidanmu, za a kai jirgin Munastir a ɗaga shi kan tudu kafin sanyi. Na kawo shayi da zaitun. Shadli ya baje taswira, ya dangwara kofi inda ya saba, ya fara jera ƙwallayen zaitun, kowace ƙwallo tasha guda. Haka yake tsara tafiya tun da na san shi, sai ya cinye tashar sannan ya ajiye ta.

"Garul Milhi ba za mu shiga ba," in ji shi, "yashi ya cike bakinta, sai mu zauna a kai kamar kaza. Sidi Bu Sa'id mu kwana mu sha mai. Mu yi sammako mu zagaya Ras Addar tun iska ba ta gama farkawa ba. Daga nan sai Bani Hiyar."

Si Lutfi ya auna da yatsunsa. Ya ce, "Rayis, tsakanin ƙwallon nan da waccan ai ta fi tafiyar wuni. Ba wani wuri a tsakani?"

"Akwai Sidi Dawud."

"Na karanta cewa duwatsu ne a bakinta, ga shi ba zurfi."

"To, Hawariya."

"Wadda da bakinka ka ce min ko kwalekwale sai ya yi addu'a kafin ya shiga?"

Shadli ya ci gaba da tauna zaitun. Sai kawai Si Lutfi ya miƙa hannu ya ɗaga kofin. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ban taɓa ganin wanda ya taɓa kofin nan ba.

"Wannan fa?"

"Sauro," in ji Shadli.

"Sauro a watan nan?"

"Kuma ruwansu gishiri ne."

Daga ƙofar kicin na ce, "Rayis, ka ji tsoron Allah, da ruwan nan aka raine ni." Na ajiye tire na ce, "Si Lutfi, ba sauro ba gishiri. Ni ce a ƙarƙashin kofin nan." Na kwashe labari na ba shi tun daga taba har akuya, Shadli yana harara ta, ni kuwa ko a jikina.

Si Lutfi bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya mayar da kofin inda yake a hankali, ya ce, "Lalla Munjiya, jirgi nawa ne, amma ke ba tawa ba ce da zan yi caca da ke. Rayis, mu bi ƙwallayenka. Sai dai an ce iskar arewa na tafe jibi. In abu ya ɓaci, ni zan yi magana."

"Ba abin da zai ɓaci," in ji Shadli. Ya ɗaga yatsa sama, na ga baki ya buɗe rantsuwa za ta fito.

Na ce, "Kul! Ba ka da sauran abin rantsewa, ka cinye."

Iskar da aka ce jibi ba ta jira jibi ba. Mun bar Sidi Bu Sa'id lafiya, mu uku, amma kafin azahar teku ta yi fari fat, ruwa yana tashi ya fi jirgin tsayi yana dukanmu ta baya. Na ɗaure tukunya, na haƙura da girki, na miƙa musu burodi da yaji. A gaban Ras Addar sai da aka rage ƙyalle, Shadli ya ba Si Lutfi sitiyari ya rarrafa gaba yana ja da ƙarfin da ya bari tun shekaru goma baya. Na ce masa ya bari a yi a hankali, ya ce in koma ciki. Muka zagaya dutsen da ƙyar, ruwa ya ɗan lafa, ya karɓi sitiyarinsa.

Wajen la'asar, ganuwar Kalibiya ta fito a hannun dama, na ga yana murza ƙirji. Na zaci yajin ne. Da na duba fuskarsa sai na ga ta yi toka-toka, gumi yana tsattsafo masa cikin wannan iska.

Na ce, "Shadli, lafiya?"

"Iskar ciki ce."

Si Lutfi ya kama wuyan hannunsa, ya tambaye shi ko ciwon yana sauka kafaɗa. Shadli ya kawar da kai. Si Lutfi ya ruga ciki ya kawo ƙwaya ya ce ya tauna, sannan ya ce, "Rayis, na ce in abu ya ɓaci zan yi magana. Zuciyarka ce. Asibiti kake bukata yanzu, kuma ga shi can."

"Bani Hiyar," in ji Shadli. Ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu. "Kafin isha mun isa."

"Ba za ka kai isha ba."

"To Allah Ya yi."

Abin da ya taso min a lokacin ba tausayi ba ne, ba zan yi ƙarya ba. Haushi ne, na shekara da shekaru. Na dafa na matso har gabansa, iska tana fizgar gyalena, na ce, "Ka saurare ni da kyau, mutumin nan. Tun ranar da ka buɗe bakinka a tashar can kake zaɓa min, ba ka taɓa tambayata ba. Yau ni zan zaɓa. Gara in zama sakakkiyar mai rai da in yi wa mai taurin kai takaba."

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "In na shiga na rasa ki, Munjiya."

"In ba ka shiga ba, wa zai same ni?"

Ba yarda ya yi ba. Ƙafafunsa ne suka ƙi ɗaukarsa, ya sulale ya zauna, Si Lutfi ya kama sitiyari ya juya kan jirgi dama. Na ɗauko waya na kira yayana.

Na ce, "Yaya, ka sauko tasha, ka kira motar asibiti. Shadli ne."

Ya ce, "Ta ruwa?"

"A'a, ta sama. Ka sauko na ce!"

Si Lutfi ya iya tuƙi a sarari, amma shiga tasha cikin iska wani abu ne daban. Shadli yana kwance a benci, ido a rufe, kansa a cinyata, amma bakin nan bai mutu ba. "Rage wuta," yake cewa. "Ka ba jan turken can fili. Hagu na ce, hagu! Mai maganin nan shi zai kashe mu, ba zuciya ba." Da muka matso bakin dakalin tasha na zame kansa na tashi na ɗauki igiya. Jifan farko ta faɗa ruwa. Na janyo ta jiƙe, na sake wurgawa da duk ƙarfina, Jilani ya cafe, furfura fal kansa, ya naɗa a turke ya ɗaure.

Da jirgi ya daki tayoyin jikin dakalin ya tsaya, Shadli ya buɗe ido ya ga ganuwar a samansa. Ya jima yana kallonta. Sannan ya ce a hankali, "Shi ke nan. Munjiya, rufe kanki."

Gyalena ya zame tun a Ras Addar ban ma sani ba. Na ce, "Me ka ce?"

"Rufe kanki. Ni yanzu bare ne."

Shekara talatin da ɗori ina wanke wa mutumin nan safa, yau ni zan rufe masa kai. Na buɗe baki in zage shi, kuka ne ya fito, ina ji ina gani aka ɗauke shi aka sa a mota.

Allah Ya yi da sauran kwana, likitoci suka ce an kawo shi a kan gaɓa. Amma da ya farfaɗo sai ya juya fuska bango. In na miƙa masa ruwa ba zai karɓa ba sai ma'aikaciya ta karɓa ta ba shi. In na gyara masa matashi ya janye. Ya koma ce min Lalla, yadda ake ce wa matar wani. Abinci kuwa ya ƙi sam. Ina zaune a kujera ina kallon ƙeyarsa, ga tausayi ga takaici, na rasa wanda zan fara haɗiyewa.

Washegari da hantsi Jilani ya shigo da kwanon romon kifi a ƙunshe cikin tawul. Ya tsaya a ƙofa kamar wanda aka turo dole. Ya ce, "Me kuma ya sami wannan? An ce zuciyar ta tsira, shi kuma zai kashe kansa da yunwa?"

Na ce, "Wai na saku."

"Wa ya sake ki?"

"Rantsuwar da ka jawo."

Jilani ya ajiye kwano. Ya ce, "Ya ɗaure igiya ne?"

"Wace igiya kuma?"

"Igiyar jiya ai ke kika jefo, ni na ɗaure. Shi yana kwance kamar buhu." Ya matso bakin gado ya ce, "Kai direban masu kuɗi, ran nan ina tsaye kamar daga nan zuwa ƙofar can. Hannunka na dama ka ɗaga ka ce, idan hannun nan ya sake ɗaure igiya a Kalibiya, ƙanwarka ta saku. Ba ka ce ƙafa ba, ba ka ce jirgi ba, ba ka ce gari ba. Hannu ka ce."

Shadli ya juyo, karon farko tun jiya. Ya ce, "Ƙarya kake."

"In yi maka ƙarya in ci me? Duk tsofaffin tasha sun sani. Har yau in wani ya yi mugun ɗauri cewa ake hannun Shadli. Kuma tun yaushe rayis yake ɗaure igiya da kansa? Ka tsaya a sitiyarinka, wani ya jefo, wani ya ɗaure. Da kullum ka ga dama ka shigo."

Na juya na dubi Jilani. Na ce, "Yaya, tun ran nan ka san wannan?"

"Na sani mana."

"Sau nawa na zo gida na zauna muka ci abinci kwano ɗaya da kai? Ranar da aka kai Inna, mutumin nan yana tsaye a gindin allo cikin rana, kana sane?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya ce, "Ai bai tambaye ni ba." Can kuma ya ƙara da cewa, "Ke ma ba ki tambaya ba."

Na juya kan Shadli na ce, "Kai kuma, bakinka ne ya faɗa, ba ka san abin da ka ce ba?"

Ya ce, "Cikin fushi wa yake jin bakinsa? Na tuna na ce Kalibiya, na tuna na ambace ki. Sai na tsorata, na haramta wa kaina duka."

Na fita na bar musu ɗakin, don in na tsaya kwanon romon nan a kan ɗayansu zai ƙare, kuma ban san wanda zan zaɓa ba. Na zauna a benci a waje na yi kuka mai isata. Da na dawo na tarar Shadli yana shan romo, suna gardamar ko ɗaurin wa ya fi tsayawa cikin iska. Duk da haka bai bari na taɓa matashinsa ba sai da aka ɗauko tsofaffi biyu daga tasha suka ba da shaida, kowanne ya ɗaga hannun dama ya maimaita maganar yadda aka yi ta.

Likita ya hana shi teku. Si Lutfi ya samo wani ya ƙarasa da jirgin Munastir, har yau kuma yana aiko wa Shadli magani. Mu kuma muka tattara daga Binzart muka dawo gidan Inna, shi da bakinsa ya ce a yi haka. Ranar da aka sallame shi daga asibiti, kafin ya ga gidan sai da ya sa aka kai shi kabarinta, ya daɗe a tsugune. Taswirar tana nan a naɗe a saman kabad, ba a sake baje ta ba.

Kada ku zaci na huta. Yanzu da ya san kalmar, ita yake gadi. Shadli ba ya ɗaure komai a Kalibiya. Igiyar shanya ni, bakin ledar shara ni. Ya yar da takalmansa masu igiya ya sayi silifa, tazugen wandonsa ma sai da na cire na sa roba. Na ce masa igiyar jirgi ake nufi, ya ce shaidu igiya suka ce, ba su ce wacce ba. Kullum da safe sai ya sauka tasha ya zauna da Jilani su yi ta musu, in kuma zai taka bakin dakali sai ya harɗe hannuwansa a baya.

Makon jiya na biyo ta tasha da kwandon cefane, da rana tsaka, masunta duk sun hau gida. Iska tana kaɗawa, wani farin jirgi ya shigo da baƙo shi kaɗai a ciki, yana ta kokawa da sitiyari. Ba kowa a dakalin sai Shadli. Mutumin ya yi masa ihu ya wurgo igiya, jifa mai kyau, ta daki ƙirjinsa, ta zame ta faɗa ruwa. Ko motsi bai yi ba. Ina bayansa, ina ganin yadda ya damƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu har jijiyoyi suka fito.

"Kai tsoho, ba ka da hannu ne?" in ji baƙon. "Wane irin gari ne wannan?"

Shadli, wanda ya yi shekara arba'in ana ce masa Rayis, ya haɗiye zagin nan. Ya waiwayo ya dube ni. Na dire kwando, tumatir suka gangara, na ce wa mutumin ya sake jefowa. Na cafe, na naɗa a turke na ɗaure yadda na iya.

Shadli ya matso ya leƙa ɗaurin. Ya ce, "Wannan ko akuya ba a yi wa shi."

Na tsince tumatirina ni kaɗai, muka hau tudu. Har muka isa gida hannuwansa suna baya.